Injin Waldar Akawu

Da la'asar mutanen gidan suka dawo daga wajen rasuwa, kowa a gajiye yana neman inda zai miƙe ƙafa, sai Inna Mai Niƙa ta buɗe shagonta ta tarar babu injin niƙanta. Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a bakin ƙofa ta ɗora hannu biyu a ka, wannan zaman ne ya tara jama'a.

Gidan haya ne babba, ɗakuna layi biyu suna kallon juna, famfo a tsakiya, shagon niƙa kuma a bakin titi da 'yar ƙofarsa ta baya mai buɗewa cikin gida. Injin nan shi ne cinta shi ne shanta, ita da jikokin da ɗanta ya mutu ya bar mata. Tun mijinta na da rai ya sa aka liƙe shi a kan teburin ƙarfe, aka binne ƙafafun teburin a siminti, ya ce ɓarawon da ke so sai dai ya ɗauka har da shagon. To ga ƙafafun nan a tsaye guntaye, bakinsu ya narke ya yi baƙi. Da wutar walda aka yanke su.

Kuma duk gidan mutum ɗaya ne ke da injin walda.

Akawu ake ce masa, don a bakin tebur ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuce-rubucen ofis. Da ya yi ritaya sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya je wajen 'yan gwanjo ya sayo wani tsohon injin walda, fenti duk ya ɓare, nauyi kamar gawa. Ya ajiye shi a rumfar bayan gida ya yi ta hidima da shi, ya goge tsatsa, ya sake wayoyi, ya ɗaure abin da ya kwance. In aka tambaye shi ko sana'a zai buɗe da tsufansa, sai ya yi murmushi ya ce shi dai kujera ɗaya yake so ya haɗa, ya zauna a kai ya ce shi ya yi.

Matsalar ita ce wuta. Layin ɗakinsa ba ya iya ɗaukar injin, da ya kunna sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Ranar da ya yi haka ana tsakiyar kallon ƙwallo, samarin gidan har yau ba su yafe masa ba. Layi mai ƙarfi ɗaya ne, na shagon niƙa, kuma kowa ya ji lokacin da ya roƙi Inna ta bari ya gwada a can, ta ce a'a. Sannan yau shi kaɗai ne bai je rasuwar mahaifiyar Mai Gida, mai gidan hayar, ba, wai sugansa ya tashi. Da samari suka leƙa rumfa suka ga wayoyin injin sun yi fari fat da ƙurar niƙa, ba wanda ya tsaya wata tambaya. Daga kan gado suka jawo shi, daga shi sai singileti, tabarau ɗinsa ya faɗi aka taka.

A haka Mai Sawu ya shigo ya same su.

Yayan Akawu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗakin ƙarshe yake da matarsa, ɗansu Auta kuma a na kusa da su. Da ƙuruciya sawun shanun sata yake bi, kwana da kwanaki a daji. Yanzu da gwiwa ta gaji, sai dai a kira shi in akuya ta ɓata ko an ɗauke keke. Bai ɗaga murya ba, shiga tsakani kawai ya yi ya tsaya, Auta ya tsaya a bayansa.

Mai Gida idonsa jajir, yau ya binne uwa, ba shi da sauran haƙurin kowa. Ya ce a kulle Akawu a sito, gari na wayewa a kira 'yan sanda, kayansa kuma a fitar waje. Mai Sawu ya matso gaba. Ya san ƙanin nasa, mutumin da abincin rana kawai ya taɓa wuce shi aka kwashe shi a sume. In aka rufe wannan a bayan kanta, gawa za a ba su. Ya roƙa a bar shi ya duba ƙasa kafin safiya.

"Baba, ƙaninka ne fa," in ji Mai Gida. "Duk sawun da ka ce ka gani, wa zai yarda?"

"In sawu ya kai ni ƙofarsa, ni zan riƙe hannunsa in ba su."

Mai Gida ya ce to, zuwa safe.

*

Ta tagar sito suka yi magana, 'yar ƙarama mai sandunan ƙarfe. Akawu ya fara rantse-rantse, wai magani ya sha barci ya ɗauke shi, bai ji komai ba. Mai Sawu ya ce bai tambaye shi wannan ba. Waye ya iya kunna injin? Akawu ya ce ai kowa, wa bai tsaya a kansa yana masa dariya ba? Rumfar tana da kwaɗo? Babu, wa zai saci abin da ba ya ɗaguwa? Ya iya yanka ƙarfe da shi? Akawu ya ce ya dai ji an ce in ka murɗa wutar har ƙarshe, tana cin ƙarfe. Ya taɓa faɗa wa mutane haka a bakin famfo.

Mai Sawu ya so a ce bai ji wannan amsar ba.

"Yaya," in ji Akawu, "kai ma kana ganin ni ne?"

"Ni ƙasa nake tambaya, ba zuciyata ba. Ka ci abin da aka kawo maka."

Auta ne ya kawo abincin da maganin Baffansa, ya tura ta tsakanin ƙarafa, ya juya yana goge ido da bakin riga. Uban ya gani ya kau da kai. Tun yaron na rarrafe Akawu ke ɗora shi a wuya.

*

Bakin shagon ba abin karantawa. Gida guda ya shiga ya fita, an tattake komai kamar an kora tumaki. Amma daga rumfa zuwa ƙofar baya akwai layin taya guda, ya je ya dawo, kuma tayar tana ɗan karkata hagu kamar mai ɗingishi. Wannan baro ko a mafarki Mai Sawu ya san shi.

Mai Baro yana zaune bakin famfo yana wanke ƙafa. Da ya ji tambayar sai ya miƙe da sabulu a ƙafarsa, ya ce shi tun safe yana gidan rasuwa yana jidar kujeru a ka, mutum ɗari sun gan shi, in ƙarya yake a tambayi wuyansa. Baron kuwa nan ya bar shi jikin bango, inda yake kwana kullum. Ya ce baron nan ya fi famfo zama na kowa, mata su ɗauka, yara su ɗauka, ba mai ce masa ko sannu, yau kuma an ɗauka an yi sata sai a tuna yana da mai shi.

Mai Sawu ya duba cikin baron. Ga ƙurar niƙa, ga sabon karce. Ya koma ƙofar bayan shagon ya gano wani layin na biyu, wanda ya nutse sosai don nauyi, ya bi shi. Layin ya fita ta ƙofar gida, ya bi gefen kwata, ya hau kwalta. Nan ya mutu.

Ya tsaya bakin titi motoci na wucewa. A daji ko kan dutse saniya ta bi, sai ta bar masa wani abu, ciyawar da ta kwanta, ƙaramin dutsen da ya juya. Kwalta ba ta riƙe komai. Ya tambayi mai shagon da ke tsallake, ya ce ya rufe ya tafi gaisuwa shi ma. Ya tambayi mai faci, ya ce baro nawa ke wucewa a rana, shi taya yake kallo ba mutane ba. Ya koma gida ya bi ɗaki ɗaki, wa ya ga wa a wajen rasuwa. Kowa ya ga kowa, kuma kowa ya ɗan fita, wannan an aike shi ruwa, wancan ya raka baƙi tasha. Rana ta yi ƙasa, shi kuwa hannunsa babu komai.

*

Sai ya tuna Mai Walda na ƙarshen titi. Wannan ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan yana faɗa, wai kowane ɗan fansho ya sayi inji, su kuma su ci ƙasa. Ya iya aikin, yana da haushi, kuma ya san inda ake sayar da inji. Mai Sawu ya je da kansa ya ce ya zo ya ga wani abu, yana tafe yana satar kallon fuskarsa.

Mai Walda ya tsuguna gaban guntayen ƙafafun, ya shafa bakinsu, ya ɗago a fusace. Ya ce in zarginsa ake yi, a zarge shi da sata amma kar a zarge shi da wannan aikin. Wannan ai ɓera ne ya gwaigwaya. Ya nuna inda sandar walda ta yi ta mannewa ana fizgewa, ya nuna guntayen sanduna zube ko'ina. Shi da zai yi, kafin a sha ruwa ya gama. Wanda ya yi wannan ya daɗe a kai yana fama, kuma bai taɓa yi ba.

"Aikin ɗan koyo ne," in ji shi, da ƙarfi, a gaban mutanen da suka cika ƙofa.

Mai Sawu ya ji maganar tana tafiya baki baki har tsakar gida. Ɗan koyo. Da hannunsa ya je ya ɗauko wanda ya ƙara ɗaure ƙaninsa. Wani saurayi ya doki ƙofar sito da ƙafa, ya ce tsoho ya fito da injin marayu tun ana ganin mutuncinsa.

*

Mai Sawu ya roƙi Inna ta kori kowa, ya ja ƙofar shagon, ya ari tocila. Wuri ɗaya ne ƙafa ba ta taka ba, tsakanin guntayen ƙarfen, inda teburin ya rufe shekara da shekaru. Ƙurar niƙa ta kwanta a wurin lallausa kamar toka. Ya kwanta rub da ciki, gwiwarsa na ƙara, ya ajiye tocilar a ƙasa don hasken ya bi ta gefe.

Ga shaidar gwiwa biyu. Ga kuma tafin hannu, na hagu, cikin safar hannu, don ba zanen yatsa. Ya nutse sosai, mutumin ya daɗe yana dogare a kai. Ya matsa wajen ƙafar teburi ta biyu, ga shi nan. Ta uku, ta huɗu, duk haka.

Ya tashi ya durƙusa yadda mutumin ya durƙusa. Wurin yankan ƙasa ƙasa ne, sai ka sunkuya. Ya dafa hagu a ƙasa. Ya miƙa dama kamar yana riƙe da sandar walda. Ya tsaya a haka yana kallon hannuwansa. Hannu biyu Allah ya ba mutum, kuma duka biyun suna aiki.

Ya nufi rumfa har yana tuntuɓe. Safar hannun Akawu tana kan injin, fari fat. Garkuwar fuskar kuwa, irin mai baƙin gilashi da mariƙi wadda sai an riƙe ta da hannu, tana rataye a ƙusarta. Ya haska mariƙin. Ko ɗigon fari babu.

Mai Walda na haɗa kayansa zai rufe lokacin da Mai Sawu ya same shi, ya tambaye shi me ke samun wanda ya yanke ƙarfe huɗu irin waɗannan da ido tsirara. Mai Walda ya ajiye abin hannunsa. Ya ce ai abin da ke ruɗar sabon shiga ke nan, a lokacin ba ka jin komai, sai ka ce ai runtse ido ma ya isa. Sai ka je ka kwanta. Sannan ne za ka ji kamar an zuba maka yashi mai zafi, hawaye ba tsayawa, ko ashana aka ƙyasta sai ka yi ihu. Kwana ɗaya ko biyu ya wuce, amma a wannan kwanan ba ka iya ɓoye shi.

Mai Sawu ya ce ya riƙe bakinsa. Ya je ya roƙi Mai Gida abu biyu, a kulle ƙofar gida kar kowa ya fita, kuma rana na fitowa duk namijin da ke gidan ya tsaya a tsakar gida. Bai faɗi dalili ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙofar sito ya kwana nan, yana jin numfashin ƙaninsa ta ƙasan ƙofa, yana tsoron ya ji ya fara kukan ido.

*

Rana ta leƙo ta kan katanga ta zubo tsakar gida. Maza suka jeru suna hamma, mata a bakin ƙofofi, Inna Mai Niƙa a kan turmi da jikokinta. Mai Sawu ya ce a fara da na sito.

Akawu ya fito yana dafa bango, leɓensa ya bushe. Yayan ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa gabas. Akawu ya ƙifta, ya ƙifta, ya buɗe. Idon tsoho ne da bai yi barci ba, amma fari ne, a bushe.

Mai Sawu ya sake shi ya juya ga jama'a. Sannan ya faɗa musu abin da ya gani a ƙasa, hannun hagu, garkuwar da ba a taɓa ba, Mai Walda da aka kira ya gaskata sauran. Ya bi layi mutum mutum yana cewa a kalli rana. Mai Baro ya gwalo ido ya ce a duba da kyau, har na ƙeya in akwai. Saurayin da ya doki ƙofa ya buɗe nasa. Mai Gida da kansa ya ɗaga fuska. Har ƙarshen layi, ba ido ɗaya mai ruwa.

Surutu ya tashi. Wani ya ce ai dama, tatsuniya ce aka shirya don a fitar da ɗan uwa. Wani ya ce wa ya sani ko tsohon wani gilashin ya ɗaura. Mai Gida ya ce ya ba da dare, dare ya ƙare, injin Akawu ne, ƙura a wayarsa take, sauran bayani ya yi wa 'yan sanda. Ya ciro waya daga aljihu.

Mai Sawu ya kalli ɗakin ɗansa. Tun bai kai rabin layin ba ya san wanda babu. Ba wanda ya lura, don ba wanda ya sa shi a lissafi, ai ɗan gidan waɗanda ake zargi ne. Matar Mai Sawu ce tsaye a ƙofar ɗakin Auta, ta riƙe labule da hannu biyu ta baya, kuma tunda aka fara ba ta yarda sun haɗa ido ba.

In ya yi shiru, shi ke nan, jibi idon ya warke.

Akawu ya zame ya zauna a ƙasa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Samari biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga, ƙafafunsa na jan ƙasa. Bai ma yi gardama ba, yayansa kawai yake kallo.

"Ku ajiye shi," in ji Mai Sawu. "Saura mutum ɗaya."

Ya taka zuwa ƙofar. Matar ta ce zazzaɓi ne, tun dare yake fama, a bar shi ya kwanta. Da ta ga bai tsaya ba sai ta rage murya, yadda shi kaɗai zai ji.

"Don Allah, Malam. Shi kaɗai gare mu."

"Shi ma wancan shi kaɗai gare ni."

Ta saki labulen.

Ɗakin duhu, an toshe taga da bargo. Auta na durƙushe a gefen katifa, ya danna jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Ƙato guda, mai gemu, amma da ya ji takun uban sai ya ce, "Baba, idona," da irin muryar da yake kiransa yana yaro.

Uban ya tambaye shi ina injin. Auta ya ce yana wani kango bayan tasha, an rufe da buhuna, wani ne ya ce zai ba shi babur a madadinsa. Ya ce shi ya zaci za a ce ɓarayin waje ne, shi ya sa ma ya mayar da injin waldar inda yake. Wallahi bai zaci za a taɓa Baffa ba. Da aka jawo shi kuma, ya buɗe baki ya kasa.

"Ka kai masa abinci da hannunka," in ji Mai Sawu. "Ka kalle shi ta taga."

Auta ya ƙara danna tsumman a fuska.

Uban ya kama hannunsa ya fito da shi. Hasken na dukan fuskarsa ya yi ƙara ya dunƙule, tsumman ya faɗi. Idanun sun kumbura sun rufe, ruwa na bin kumatu har gemu. Samarin suka saki Akawu a hankali, kamar yanzu suka tuna tsoho ne.

"Yaya," in ji Akawu daga ƙasa, "da ka bari, ni ai na riga na tsufa..."

"Rufe min baki."

Mai Gida na riƙe da waya, ya rasa wa zai kalla, sai ya kalli Inna. Ta daɗe tana duban Auta, yaron da take ba ƙanzo a bakin shagonta tun bai iya magana ba. Ta ce a fara dawo mata da injinta, sauran magana sai ta gan shi da idonta.

Mai Sawu ya ce Mai Baro ya biyo su da baro. Ya juya wajen matarsa, wadda ke tsaye inda ya bar ta, ya ce ta ɗora ruwa ta ba Akawu wani abu mai ɗumi kafin ya sha magani, kar ta bari ya tashi tsaye. Sannan ya ɗauki hannun ɗansa ya ɗora a kafaɗarsa, don ba ya ganin hanya.

"Akwai kwata a bakin ƙofa," ya ce masa. "In na ce ɗaga ƙafa, ka ɗaga."